Gwarancin yaran Zango: muryar wa za a ɗauka, kuma da Hausar wa za a auna?

Rukayya, Aboabo:
Assalamu alaikum iyayena da yayyena. Shawara nake nema. Ina karatun digiri na biyu a nazarin harshe, kuma aikina a kan yadda yara 'yan shekara biyu zuwa huɗu ke koyon Hausa ne a nan Aboabo da Asawase, unguwannin Zango na Kumasi a Ghana. Tsarin da ke cikin yawancin littattafanmu shi ne a sa yaro da uwarsa a ɗaki shiru, a ba su kayan wasa, a ɗauki muryarsu. To a gidan haya ina ɗakin shirun yake? Kuma da zarar na fito da waya, yaron da tun asuba bakinsa bai huta ba sai ya yi gum, ko ya miƙo hannu a kunna masa bidiyo. Don Allah wanda ya san dabara ya taimaka.

Malam Nuhu:
Wa'alaikumussalam. Ikon Allah! Yanzu har a kan gwarancin yara ake ba da digiri? Allah ya ba da sa'a, 'yata.

Dakta Abdulkarim, Nima:
Malam Nuhu, ai a cikin gwarancin nan ake ganin yadda harshe ke shiga kan ɗan Adam. Rukayya, shirun da yaron ya yi miki tsohuwar matsala ce. William Labov ya ce mai bincike yana son ya ji yadda mutane ke magana in ba a sa musu kunne ba, alhali ba zai ji ba sai ya sa kunnen. A wata takarda tasa ta 1969 ya kawo labarin wani yaro ɗan shekara takwas a unguwar Harlem ta birnin New York. Da aka zaunar da shi gaban babba ana jero masa tambayoyi, daga "a'a" sai "ban sani ba". Aka sake komawa, amma wannan karon mai tambayar ya zauna a ƙasa, ya zo da soyayyen dankali, ya sa aka kira babban abokin yaron. Sai ga yaro yana gardama yana katse mutane. Yaron bai canza ba, mai tambayar ma shi ne dai, zaman ne ya bambanta. Kada ki ware yaro. Ki bar shi cikin 'yan'uwansa, kuma ki yi ta zuwa gidan hannu rabbana har a daina yi miki shimfiɗar baƙi, sannan ki fara ɗauka.

Hajiya Salamatu, Asawase:
Ni ban yi irin karatunku ba, amma na yi reno, nawa da na 'ya'yana. 'Yata, wanda ya ce a sa uwa da ɗa a ɗaki su yi hira bai san gidajenmu ba. In ɗan fari ne ma aikinki ya tsaya. Akwai matan da har yau ba sa kama sunan ɗan farinsu, balle su zauna gaban baƙuwa suna yi masa wasa. Kunya ce, ba ƙi ba. Ke kuma ki je ki rubuta wai uwar ba ta yi wa ɗanta magana. Kuma da rana ina uwar take? Tana bakin murhu, ko ta tafi kasuwar Kejetia. Yaro yana goye a bayan yayarsa, ko yana gindin kakarsa tana tsokanarsa: "Mai gidana, yau me ka kawo min na cefane? In babu na sake miji." Can ne za ki ji bakinsa ya buɗe. Sai kuma ki kiyaye bakinki. In kika yi ta cewa "kai, ji yadda yaron nan ke zuba magana" ba ki haɗa da masha Allah ba, gobe ya kwana da zazzaɓi, ke za a kalla.

Rukayya, Aboabo:
Allah ya ƙara girma, Hajiya. Batun ɗan fari zai shiga tsarina tun daga shafin farko. Abin da kika faɗa ya yi daidai da abin da Elinor Ochs ta gani a Samowa da Bambi Schieffelin a wurin mutanen Kaluli na Papuwa Niyu Gini. Sun rubuta tare a 1984 cewa zaman uwa da jariri fuska da fuska suna hira ba dokar duniya ba ce. A Samowa yayye ne ke yawancin renon. Su kuma matan Kaluli sukan juya fuskar yaro wajen mutane, su faɗi magana su ce ya maimaita. Mu ma ai haka muke: "Ka ce wa Baba sannu da zuwa." "Ce na gode."

Dakta Abdulkarim, Nima:
Kuma wannan ba ƙaramin abu ba ne, don an taɓa yanke wa talakawa hukunci a kansa. Betty Hart da Todd Risley sun bi gidaje 42 a Kansas ta Amurka, awa ɗaya kowane wata, suka fitar da sakamako a 1995. Daga nan aka samo maganar nan da ta zaga duniya, wai akwai tazarar kalmomi miliyan 30 tsakanin abin da ɗan mai hali da ɗan talaka ke ji. Daga baya Douglas Sperry da abokan aikinsa suka nuna cewa in ka ƙirga har da maganar sauran mutanen gida da wadda yaro ke ji ana yi a gefensa, lissafin ya sauya. Ita ma Marisa Casillas ta ɗauki muryar yini guda a ƙauyen masu jin harshen Tseltal a Meksiko, ta tarar mintuna kaɗan ne a cikin awa ake yi wa ƙaramin yaro magana kai tsaye, amma bakinsu yana buɗewa a kan lokaci. Har yanzu ana jayayya kan wace magana ta fi amfanar yaro, wadda aka yi masa ko wadda ya tsinta. Gidan haya na Aboabo wuri ne mai kyau na gwada wannan.

Mubarak:
To ai an zo wajena. Anti Rukayya, ki manta da riƙe waya a hannu. Akwai 'yar na'ura mai suna LENA da ake sa wa yaro a aljihun gaban riga, tana ɗaukar kusan awa 16. Tana da tsada, kuma manhajarta a kan Turanci aka fara horar da ita. Ƙaramar rakoda ta 'yan jarida ma ta isa. Ki kai wa tela ya ɗinka 'yar falmaran mai aljihu a ƙirji da zif, yaro ya saka da safe, kafin hantsi ya manta da ita. Ki dai sayi batir na ajiya saboda dumso, wato ɗauke wutar lantarki, ki kuma gaya wa mutanen gida su cire masa kafin wanka.

Barista Fati:
Dakata, ƙanena. Rakodar da ta yini a ƙirjin yaro ba muryar yaro kaɗai take ɗauka ba. Za ta ɗauki faɗan kishiyoyi, da mai bin bashin adashi, da maƙwabciyar da ta shigo tana kuka da mijinta. Uwar yaro ta yarda, su fa? Muna da dokar kare bayanan mutane ta 2012, doka mai lamba 843, kuma murya tana cikin abin da ake gane mutum da shi. Kwamitin ɗa'ar bincike na jami'arki ma zai tambaye ki. Ki fara da mai gida, ki bi ɗaki ɗaki, ki yi bayani da baki da harshen da kowa ke ji, ba takardar Turanci kawai a dangwala hannu ba. Ki nuna wa babban da ke tare da yaro inda ake kashewa. Kuma duk wanda ya ce a goge wani yanki, a goge ba tare da an tambaye shi dalili ba.

Malam Nuhu:
Ni tsoho ne, amma me ya hana a ba uwa littafi da biro ta riƙa rubuta abin da yaro ya faɗa? Ba batir, ba tonon asirin kowa.

Dakta Abdulkarim, Nima:
Malam, da haka fannin ya fara. Charles Darwin ya buga bayanan da ya rubuta a kan ɗansa a 1877. Clara da William Stern a Jamus sun yi wa 'ya'yansu haka, littafinsu ya fito a 1907. Werner Leopold ya bi 'yarsa da ke tashi da Jamusanci da Turanci, ya cika mujalladi huɗu tsakanin 1939 da 1949. Amfaninsa shi ne uwa tana kama abin da ba zai faɗo a cikin awar rikodi ba. Aibinsa, abin dariya da abin mamaki take rubutawa, na yau da kullum ya wuce ta, kuma kunnen babba yakan gyara wa yaro magana kafin ta kai takarda. A haɗa biyun. Wadda ba ta rubutun boko ta yi da ajami, ko ta tura saƙon murya ta WhatsApp.

Malam Bello, Madina:
Ku yi min afuwa, zan faɗi abin da ba za a so ji ba. Ni haifaffen Kano ne, ina koyarwa a nan Accra. In ana son a san yadda yaro ke koyon Hausa, a tafi inda ake Hausa. Yaran nan "yarinya ya zo" suke cewa, "mota ya lalace". Ƙasa da kasa duk ɗaya ne a bakinsu, ga Tuwi, harshen Asante, da Turanci a tsakiyar kowace jimla. Me za a auna? Kundi guda na kurakurai za ki tara, ƙanwata.

Rukayya, Aboabo:
Malam, da girmamawa, kakata ma "yarinya ya zo" take cewa, kuma ta haura saba'in. Ita ma har yanzu ba ta gama koyon magana ba ke nan?

Mubarak:
Hhhh, Malam Bello, ka taɓo Zango.

Dakta Abdulkarim, Nima:
A yi haƙuri da juna, domin tambayar Malam Bello ita ce zuciyar aikin. Yaro ba littafin nahawu yake koya ba, bakin mutanen da ke kewaye da shi yake koya. Hausa ta shigo ƙasar nan da fataken goro ta Salaga da sojojin zamanin Turawa, ta zama harshen da Mosi da Dagomba da Wangara da Kotokoli da Zabarmawa ke haɗuwa a kai a zango. A wannan tafiyar bambancin "ya" da "ta" ya ɓace a bakin da yawanmu, haka ma ƙ da ɗ da ɓ. Yanzu a ɗauki yara biyu 'yan shekara uku, ɗaya a Fagge ɗaya a Aboabo, kowa ya ce "mota ya tafi". Na Fagge bai ƙarasa ba, don ba haka uwarsa ke faɗa ba. Na Aboabo ya riga ya iso. Jimla ɗaya, hukunci biyu. Mai binciken da ya ɗauki muryar yaro kaɗai bai ɗauki ta manyan gidan ba, ba shi da abin da zai raba waɗannan biyun. Shi ya sa hayaniyar tsakar gida da Rukayya ke gudu ita ce rabin bayanan da take nema.

Malam Bello, Madina:
To in haka ne babu kuskure a duniya ke nan, Dakta? Kuma kada a manta, yaran nan suna kallon finafinan Kano, suna jin wa'azin malaman Najeriya a wayar iyayensu, wasu malaman makarantar allonsu ma baƙi ne irina. Sun ji "ta zo". Ba za a ce ba su taɓa ji ba.

Dakta Abdulkarim, Nima:
Wannan kam ka ci. Abin da yaron Zango ke ji ba iri ɗaya ba ne, kuma ya kamata Rukayya ta rubuta wa kowane gida: wa ke cikinsa, daga ina ya fito, me ake kunnawa. Kuskure kuwa akwai shi, kuma shi ne abin da muka fi so: abin da yaro ya faɗa wanda babu wani babba a gidan da ke faɗarsa. In ya ce "mutumai" ko "akuyoyi", ba daga bakin kowa ya ɗauko ba, ƙa'ida ya ƙera da kansa.

Anti Zainab, Tafo:
Tun da an zo jam'i, Rukayya, za ki yi musu gwajin nan na Jean Berko? Ni aikina duba yaran da bakinsu ya yi nauyi ne, kuma na daɗe ina son a yi mana na Hausa. Ga waɗanda ba su sani ba: a 1958 ta zana wata halitta mai kama da tsuntsu, ta raɗa mata sunan da babu shi a Turanci, ta ce wa yaro ga ɗaya, ga wani, yanzu sun zama biyu, me za a kira su? Yara suka liƙa ƙarshen jam'i a kalmar da ba su taɓa ji ba. Ta haka aka gane ba haddar aku suke yi ba.

Mubarak:
Mu gwada a nan. Ga wata dabba sunanta dimfa. In suna da yawa fa?

Malam Bello, Madina:
Dimfofi. Babu wata magana.

Barista Fati:
Ni kunnena dimfuna ya ba ni.

Malam Nuhu:
Dimfaye dai.

Hajiya Salamatu, Asawase:
Na tambayi jikata yanzun nan, ga ta tana shan koko. Na ce ga dimfa, ga wata dimfa, sun zama me? Ta dube ni ta ce "dimfa biyu mana", ta ci gaba da shan kokonta.

Rukayya, Aboabo:
Wallahi Hajiya yarinyar nan ta rusa gwajin gaba ɗaya, kuma ita ce da gaskiya! Mota biyu muke cewa, gida uku. Lamba ba ta tilasta jam'i a Hausa, don haka tambayar Berko in aka ɗauko ta yadda take, ba za ta fito da komai ba. Ko na ce "da yawa", yaro zai iya cewa "dimfa da yawa" ya tsira. Ga kuma manya uku sun ba da amsa uku. Turanci hanyar jam'insa ta yau da kullum ɗaya ce, mu kuwa ga motoci, ga riguna, ga gidaje, ga malamai, ga itatuwa. Dole in fara gwada manyan unguwar in ga inda suka fi karkata, kafin in ce amsar yaro daidai ce ko a'a.

Anti Zainab, Tafo:
Ku ƙara da wannan, don ni a wurina ba maganar digiri ba ce kawai. An taɓa kawo min yaro ɗan shekara biyu da rabi daga wata makarantar reno, wai ba ya magana. Malamar da Turanci take auna shi. Na zauna da uwarsa da yayarsa muka jera abin da yake faɗa. Ruwa "nsuo" yake ce masa, da Tuwi, don maƙwabtansu Asante ne. Abinci da sunayen 'yan gida da Hausa. Ƙwallo da takalmi da Turanci. In ka ƙirga harshe ɗaya, yaro ya yi baya. In ka haɗa ukun, lafiyarsa lau. Akwai takardar jerin kalmomi ta MacArthur-Bates da iyaye ke cikewa, an daidaita ta da harsuna da yawa, amma ba fassara ake yi kalma da kalma ba. Jerin da ya dace da mu sai an sa koko da ƙosai da waake da buta da tabarma, kuma a bar wa uwa wuri ta faɗi da wane harshe yaro ke faɗar kowanne. Haka nan kafin in ce yaro yana da tsamin baki, sai na ji yadda uwarsa ke furta kalmar.

Mubarak:
Tambaya: awa goma sha wani abu a kowane yaro, wa zai rubuta duk wannan? Ba za a ba kwamfuta ba?

Rukayya, Aboabo:
Kwamfutar da ke fama da Hausar manya a ɗakin rediyo, ita za ta ji ɗan shekara biyu ana daka fufu a bayansa? Da hannu ake yi. Awa ɗaya ta rikodi takan ci awa goma ko fiye. Ba duka ake rubutawa ba, ana yanko 'yan mintuna daga sassan yini daban-daban, kada a zaɓi inda ya fi surutu kawai. Da ELAN zan yi, manhajar cibiyar Max Planck ta Nijmegen, kyauta ce, tana ɗaure kowane layi da sautinsa. Wannan ɗaurin yana da muhimmanci a gare mu, don rubutun boko ba ya nuna karin sauti ko tsawon wasali. In kana son ka san yaushe yaro ya kama hawa da saukar murya, sai ka koma sautin ka auna da manhajar Praat.

Hajiya Salamatu, Asawase:
In kin rasa gane abin da ya ce, kira yayarsa. Ita ce tafintansa.

Dakta Abdulkarim, Nima:
Haka ne, amma a layi biyu: abin da ya fito daga bakin yaro a sama, abin da yaya ta ce yana nufi a ƙasa. Kada su gauraya. Kuma ki rage buri, Rukayya. Roger Brown a Harvard, da duk ɗaliban da ke taya shi, yara uku kacal ya bi daga 1962, ya ɓoye sunayensu, kuma sai 1973 littafin ya fito. Shi ya yaɗa ma'aunin matsakaicin tsawon furuci, wato a ƙirga ƙwayoyin ma'ana a kowace jimlar yaro a ɗauki matsakaici. Kafin ki yi amfani da shi ki zauna ki yanke yadda za ki ƙirga irin su "yakan" da "gidansu", da jimlar da rabinta Tuwi ne, ki rubuta ƙa'idar ki tsaya a kanta. Katherine Demuth ma yara huɗu ta bi a Lesoto a farkon shekarun 1980, kuma har yau ana cin moriyar wannan rikodin na Sesoto, don ta ajiye shi a CHILDES, rumbun da Brian MacWhinney da Catherine Snow suka kafa a 1984. Ke ma ki yi tunanin ajiyewa a can. A 2022 Evan Kidd da Rowena Garcia sun duba manyan mujallu huɗu na fannin, suka tarar harsuna 103 ne kawai aka yi rubutu a kansu daga cikin kusan 7,000, Turanci kuma ya kwashe kaso mafi tsoka.

Barista Fati:
Dakta, nan kuma sai a yi a hankali. Yarda a yi rikodi daban, yarda a ɗora a intanet masu bincike na ko'ina su saurara daban. Takardar ta zama da gurbi biyu, kowanne da nasa amsar. Kuma yaron nan zai girma, wata rana ya ji kansa yana kukan a ba shi nono.

Hajiya Salamatu, Asawase:
Jikokina ki zo ki ɗauka, 'yata, ƙofa a buɗe take, amma ban da Juma'a. Maganar muryarsu ta tafi Amurka kuwa, sai ubansu ya dawo daga Tamale an gaya masa.

Malam Bello, Madina:
Har yanzu ban sauka daga kan bakana ba cewa a makaranta Hausar littafi ya kamata a koyar. Amma ga tayi. Ina da 'ya 'yar shekara uku, ni da uwarta duk Kanawa ne, a nan Madina aka haife ta, kuma kwanan nan na ji ta ce "Umma ya dawo". Ban san a bakin wa ta tsinta ba. In kina son gidan da za ki kwatanta da na Aboabo, ki sa namu a lissafi.

Rukayya, Aboabo:
Na karɓa hannu biyu, Malam. Ka fara rubuta min waɗanda take yini da su, har da mai aikin gida da 'ya'yan maƙwabta, da harshen da kowannensu ke yi mata. Kuma don Allah kada ka gyara mata tukuna.

Malam Bello, Madina:
Wannan kuma ban yi alkawari ba.